Jagora ga Makaɗa da Mawaƙan da Za Su Kai Wasa Garin Masu Haƙar Kwal

Duk wanda ya saba bin hanyar Gombe zuwa Yola ya san manyan motocin nan da ke fitowa daga wajen Kumo shaƙe da baƙin kaya suna nufar arewa. Kwal ne suke ɗauka daga mahaƙar Maiganga da ke Ƙaramar Hukumar Akko zuwa masana'antar siminti ta Ashaka da ke Funakaye, tafiyar da ta haura kilomita 100, kuma an shafe fiye da shekara 15 ana wannan jigila. Inda duk aka sami ma'aikata da direbobi da 'yan kamasho da masu sayar da abinci, akwai mutanen da ke marmarin nishaɗi, kuma akwai ɗan kuɗin da za su iya kashewa a kansa. Saboda haka ne nake ganin makaɗan Gombe da Bauchi da ke tsallake irin waɗannan garuruwa suna tafka asara. Sai dai ƙaramin garin aiki yana da nasa lokaci da nasa ladubba, kuma wanda ya kai masa tsarin wasan birni zai dawo da bashin mai. Abin da ke tafe tsari ne na yadda ake shirya irin wannan tafiya, tun daga ranar da aka yi niyya har ranar da aka ɗaure kaya za a dawo.

Zuwa da kai kafin zuwa da kaya

Matakin farko ba ya buƙatar ganga ko lasifika. Shugaban ƙungiya, ko wani dattijo mai natsuwa daga cikinta, shi zai je garin kimanin mako uku kafin ranar da ake so, ya nemi mai masauki, domin da ɗan gari kan ci gari. Mai masaukin da ya dace shi ne wanda manya ke jin maganarsa kuma samari ba sa gudunsa, kamar sarkin samari, ko shugaban direbobi, ko wani ɗan kasuwa da aka san gidansu. A guji ɗaukar wanda ke kan gaba a wata jam'iyya ko wata rigimar gari, domin da zarar an ga baƙi sun sauka a gidansa, rabin garin ya riga ya yanke shawarar zama a gida.

Shi mai masaukin ne zai yi jagora zuwa wurin mai unguwa, wanda a yawancin ƙasar Gombe ake kira jauro, daga nan zuwa dagaci, idan kuma taron babba ne har gaban hakimi. Ana zuwa da goro, ana cire takalmi, ana durƙusawa a yi gaisuwa. Maganar da za a yi ba ta da tsawo: “Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga Gombe, sana'armu kiɗa da waƙa. Mun zo neman izini da albarka, idan an yarje mana, mu yi wasa a garinka rana kaza, daga bayan la'asar zuwa ƙarfe kaza.” Kada a faɗi rana kamar an riga an yanke ta, a bar wa mai gari damar gyarawa, domin shi ya san inda aka yi rasuwa, da gidan da ke shirin biki, da ranar da aka sa wa'azi a filin da ake so. Bayan haka sai a rubuta takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankin, wadda ke ɗauke da rana da wuri da lokacin farawa da na tashi da sunan wanda ya ɗauki alhakin taron, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi a adana shi cikin motar kaya. 'Yan sintirin gari ma a sanar da su, kuma a ware musu nasu hasafin tun a cikin lissafi, domin su ne suka san fuskar kowane yaro mai tada fitina.

Zaɓen rana

A nan ne ake cin riba ko a faɗi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Garin kwal yana da aljihu iri biyu. Akwai na ma'aikata da direbobi da masu gadi, wanda ke cika a ƙarshen wata ya fara yin sauƙi bayan kwana goma, akwai kuma na manoma, waɗanda su ne mafi yawa, wanda ke cika da kaka bayan an sayar da masara da wake da gyaɗa. Ranar da ta fi kowace kyau ita ce wadda aljihun biyu suka haɗu, wato makon farko bayan biyan albashi a watannin Nuwamba da Disamba da Janairu. Kada a ɗauka cewa an biya albashi don kawai wata ya ƙare, a tambayi masu shaguna da masu sayar da abinci, domin su ne ke fara sani, tunda ranar ce ake biyan su bashi.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba lokacin wannan tafiya ba ce. Mutane suna gona tun asuba, hanyoyin da suka rabu da kwalta suna caɓewa, hadari yana iya tasowa ana tsakiyar wasa, kuma laimar iska tana sa fatar kalangu da ta kotso ta saki har sauti ya mutu. Bazara kuwa, a Maris da Afrilu, zafi yakan kai digiri 40, ga aljihu ya bushe, ga hankalin manomi ya koma kan taki da iri. Watan azumi a cire shi gaba ɗaya daga lissafi, amma kwanakin da ke bin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah suna da albarka. Ya kamata kuma baƙo ya san cewa wannan yanki na Musulmi ne da Kirista, akwai Fulani da Hausawa da Tangale da Tera da wasu ƙabilu, saboda haka makon Kirsimeti da sabuwar shekara ma lokaci ne da 'yan gari ke dawowa gida da kuɗi a hannu. Idan an zaɓi Juma'a, sai bayan an sauko daga masallaci an huta, idan Lahadi ce, sai bayan an tashi daga coci. Ranar kasuwar garin tana tara jama'a daga ƙauyuka, amma mafi yawansu suna juyawa gida kafin magariba, don haka wasan ranar kasuwa na yamma ne.

Sauran abin da za a bincika shi ne lokacin da ma'aikata ke canjin aiki. Wanda ya tashi da yamma yana buƙatar wanka da abinci kafin ya fito, wanda zai shiga da asuba kuma ba zai kai sha biyun dare a dandali ba. Tsarin da na ga ya fi karɓuwa shi ne a raba wasan biyu: zango na farko daga bayan la'asar zuwa kiran magariba domin mata da yara da dattawa, a yi shiru ɗungurungum har a idar da isha'i, sannan zango na biyu zuwa ƙarfe goma ko goma da rabi. Lokacin da aka faɗa wa mai gari za a tashi, a tashi a kansa ko da liƙi yana zuba, domin wannan ne zai sa a buɗe ƙofa a karo na gaba.

Kuɗi da yarjejeniya

Idan gayyata aka yi, to a karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya mota da mai da abincin tafiya, kuma a rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu. A fayyace wanda zai kawo janareta da mansa, da wanda zai biya hayar kujeru da rumfa, da wanda zai ciyar da baƙi, da abin da zai faru idan aka soke wasan saboda rasuwa ko ruwan sama. Idan kuwa ƙungiya ce ta kai kanta, shawarata ita ce kada a sa kuɗin ƙofa mai nauyi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, kuma da yawa daga masu aikin yini ba sa kaiwa nan, saboda haka tikitin da ya wuce kuɗin kwanon abinci zai bar mutane a bayan katanga suna saurare kyauta. Sau da yawa buɗaɗɗen fili ba tare da tikiti ba ya fi kawo kuɗi, domin mai kuɗin gari yana son idon jama'a kafin ya buɗe aljihu.

Game da liƙi akwai abin da ya kamata kowane makaɗi ya sani. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da taka su a wurin biki, kuma hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. An daɗe ana yi wa dokar kallon wasa, amma a 2024 an gurfanar da sanannun mutane a kanta. Mafita mai sauƙi ce: a ajiye faifai ko kwarya a gaban mawaƙi, sanƙira ya sanar tun farko cewa a nan ake ajiye kyauta, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar, wanda dama shi ne abin da mai bayarwa yake nema. A rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe domin masu taransifa, amma kada a dogara da ita kaɗai, domin sabis yakan yi rauni idan jama'a suka taru. Mutum biyu ne za su riƙa tattara kuɗi, ɗaya daga ƙungiya ɗaya daga wajen mai masauki, kuma a ƙirga a gaban juna a daren, ba da safe ba.

Hanya

Daga Gombe zuwa Kumo tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba, daga Bauchi kuwa sai an bi ta Dindima da Alkaleri an shigo Gombe tukuna, kimanin kilomita 150, kafin a karkata kudu. A tashi da sassafe a isa kafin azahar, kada a yarda da tafiyar dare. Babban haɗarin wannan hanya shi ne motocin kwal: suna da nauyi, ba sa tsayawa da wuri, kuma a kan hanyar ƙasa suna tada ƙurar da ke rufe wa na baya ido. Direba ya ba su tazara, kada ya yi ƙoƙarin wuce su a cikin ƙura ko a kwana. Takardun mota su cika, kaya kada su yi tsayi a saman bas, kuma rasiɗin lasifikoki da janareta su kasance a hannu, domin a shingen bincike ana iya tambaya.

Wuta da ƙura

Kada a sa wutar Nepa a lissafi, idan ta zo to riba ce. Hanyar zaɓen janareta ita ce a tara ƙarfin duk abin da za a jona. Misali, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) biyu masu cin wat 1,000 kowace, da mikisa (na'urar haɗa sautuka) da fiyano da suka haɗa wat 300, da fitilu na wat 500, sun kama wat 2,800. A ƙara kashi ɗaya bisa uku domin lokacin da kiɗa ya yi nauyi, sai a kusanci wat 3,800. Janareta mai kVA 5 (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta) yana bayar da kimanin wat 4,000 ne kawai idan lafiyarsa ƙalau, saboda haka wanda ya fi shi girma kaɗan ya fi kwanciyar hankali, musamman na haya wanda ya sha wuya. A tanadi man da zai yi awa shida, a lissafin lita 2 zuwa 3 kowace awa, kuma a sayo shi a gidan mai a Gombe ko Kumo maimakon a dogara da 'yan bumburutu. A sa situbilaiza, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, tsakanin janareta da kayan sauti. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa kuma ta farko wajen kashewa, in ba haka ba ƙarar da ke fita tana iya fasa lasifika. Janareta ya zauna a fili, nesa da dandali, ta inda iska ba za ta kawo hayaƙi kan jama'a ba, kuma ko kusa kada a shigar da shi ɗaki ko zaure, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Ba a zuba masa mai yana aiki. Kuma a hana jama'a jona cajar waya, domin mutum ɗaya aka bari, kafin a ankara an yi layi.

Ƙurar kwal ta bambanta da ƙurar hunturu da muka saba. Baƙa ce, tana da laushi, tana manne wa duk abin da ke da maiƙo ko gumi, kuma idan ta taru a cikin mikisa tana sa maɓallai su riƙa ƙarƙara, wani lokaci ma ta haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Na taɓa kai wasa wani gari da manyan motoci ke ratsawa, muka kafa dandali a bakin hanya don a gan mu, kafin isha'i fiyano ta fara tsallake sauti, fararen kayan 'yan amshi kuma suka koma ruwan toka. Tun daga ranar nake neman fili a cikin gari, kamar harabar makarantar firamare ko filin ƙwallo, nesa da hanyar motoci, kuma ta gefen da iska ke tasowa, ba inda take kai ƙura ba. A yayyafa wa filin ruwa awa ɗaya kafin a fara, a ɗora kayan sauti a kan tebur, a rufe su da zane har lokacin aiki, amma kada a toshe ramukan da amfilifaya ke shan iska. Ruwan yayyafin a saye shi wurin 'yan garuwa, kada a ɗebi na rijiyar unguwa ba tare da izini ba, domin ruwa abu ne mai daraja a irin waɗannan wurare.

Maƙogwaron mawaƙi ma kayan aiki ne. Ya sa takunkumi a hanya da lokacin kafa kaya, ya riƙa kurɓar ruwan ɗumi, ya ajiye zuma da citta kusa, ya guji ruwan sanyi bayan ya yi gumi. Makaɗan kalangu da kotso su tuna cewa bushewar hunturu tana ɗaure fata fiye da kima har ta tsage, don haka a ajiye su a inuwa cikin jaka, a tafi da fata da tsarkiya na ko-ta-kwana. Lasifika a ɗaga ta sama da kan mutane, a juya ta daga masallaci da coci da asibiti. Sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, wanda ke nufin idan aka murɗe shi don na can baya ya ji, yaran da ke zaune a gaba ne kunnuwansu za su biya. Ƙara lasifika ɗaya a tsakiyar fili ya fi murɗe biyun da ke gaba.

Abin da za a rera da abin da za a haɗiye

Kwana ɗaya kafin wasa, ko da rana kafin a fara, sanƙira ya zauna da mai masauki ya rubuta sunayen waɗanda za a ambata, bisa tsarin girma: sarauta da farko, sannan malamai da shugabannin coci, sannan shugabannin ma'aikata da na direbobi, da shugabar mata, da 'yan kasuwa. A tabbatar da yadda ake furta kowane suna da sarautarsa, domin kuskuren da za a yafe a birni, a ƙaramin gari ana shekara ana maganarsa. Gaisuwa ɗaya da Fulatanci da wata da Tangale, idan an koye su daidai daga bakin masu harshen, suna buɗe zuciya fiye da doguwar waƙa. Kuma a ba makaɗan garin fili su buɗe taron, a yi musu kyauta a bainar jama'a, domin su ne masu gida a wannan sana'a.

Mai haƙar kwal da direban da ke jigilarsa ba su cika jin an wasa sana'arsu ba, alhali manomi da maƙeri da mahauci kowa yana da takensa tun kaka da kakanni. Mawaƙin da ya zauna da su ya ji yadda suke kiran kayan aikinsu, da wahalar tashin asuba, da yadda ƙura ke shiga har cikin aljihu, ya tsara musu baiti ko da huɗu ne, zai ga abin mamaki. Aikin kwal yana da tarihi mai nauyi a ƙasar nan: a Inugu aka fara haƙarsa a 1916, kuma a ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar Iva da ke can lokacin da suke yajin aiki. Mawaƙin da ya san wannan ba zai ɗauki masu wannan sana'a da wasa ba.

Sai dai akwai tarko. Garuruwan da ke kusa da mahaƙa ba sa rabuwa da ƙorafi kan ƙura da ruwan sha da gonaki da diyya da ɗaukar 'yan gari aiki, kuma kusan tabbas wani zai matso da kuɗi a hannu ya ce a yi wa wane zambo, ko a yi habaici ga waɗanda suka karɓi abu suka yi shiru. A ƙi, cikin ladabi. Ana iya cewa: “Yallaɓai, mu baƙi ne, ba mu san farkon maganar ba, bari mu wasa ka kai da gidanku.” Ba don ƙorafin ba shi da tushe ba ne, sai don baƙo gobe zai tafi, mai masaukinsa kuma shi zai zauna da abin da waƙar ta haifar. Haka nan waƙar siyasa da rawar da ta wuce kima, a bar su a gida, kuma a ware wa mata nasu gefen da kujeru da haske.

Mahaƙar kanta ba wurin yawon buɗe ido ba ce. Buɗaɗɗen rami ne mai manyan injuna, gefensa yana iya zaftarewa, kuma ruwan da ke taruwa a tsofaffin ramuka yana da zurfin da ido ba ya ganewa. Samarin ƙungiya masu son ɗaukar bidiyo don TikTok ko Facebook a gargaɗe su tun a mota cewa ba a shiga sai da izinin masu wurin, ba a wanka a kududdufan, kuma ba a ɗaukar hoton ma'aikaci yana bakin aiki sai ya yarda.

Bayan an tashi

A kwana a garin, kada a kama hanya da tsakar dare da kuɗi da gajiya. Kayan sauti su kwana a ɗaki mai makulli, mutum ɗaya ya kwana tare da su. Da safe a share filin, a mayar da kujeru da tabarmi a ƙirga su a gaban mai su, a biya 'yan sintiri da 'yan garuwa da matar da ta dafa abinci kafin a raba ko sisi a tsakanin 'yan ƙungiya. Sannan a koma wurin jauro da dagaci a yi sallama kamar yadda aka zo neman izini, a bar wa mai masauki rabonsa da lambar waya. Idan an isa gida, kafin a ajiye kaya a buɗe mikisa da amfilifaya a busa musu iska da busasshen buroshi mai laushi, a goge wayoyi da ɗanyen tsumma bayan an cire su daga wuta, a wanke soson makirufo da sabulu a shanya, a sauya man janareta, a kuma wanke matatar iskarsa, wadda za a tarar ta yi baƙi ƙirin.